Sabitiri Fule, matar da ta goyi yaron da aka ƙi taɓawa

Yau za mu yi tafiya mai nisa, daga Urafane har ƙasar Indiya. Kun san Indiya ta cikin fim, mai waƙa da rawa. To, akwai wata Indiya ta ƙauye, ta manoma da mata masu ɗibar ruwa, kamar dai mu. Can aka haifi matar da za ku karanta labarinta. Sunanta Sabitiribai Fule. Mu ce mata Sabitiri don sauƙin karatu.

An haife ta ran 3 ga Janairu 1831, a ƙauyen Naigawon, yamma ga ƙasar Indiya. Iyayenta masu noman lambu ne. Kafin mu ci gaba, sai kun gane wani abu. A Indiya ana raba mutane bisa asali tun ranar haihuwa. A sama akwai Barahman, masu riƙe da addinin Hindu da karatu. A can ƙasa akwai waɗanda ko taɓa su ba a yi, kamar mutanen Mahar da Mang. A wancan zamani ba su ɗibar ruwa a rijiyar gari, ɗiyansu ba su shiga lakwal. Mu ma nan mun san gidan da ke hana ɗiyarsa auren mahauci, ko auren wanda aka ce kakansa bawa ne. To, nasu ya fi namu tsanani ƙwarai. Dangin Sabitiri ba na can ƙasa ba ne, amma su ma ba a lissafa su cikin masu karatu.

An yi mata aure a 1840, ba ta wuce shekara 10 ba. Mijinta Jotirawo Fule shi ma yaro ne. Ta zo gidansa ba ta san ko harafi guda ba. Shi ya koya mata karatu da rubutu. Kun ga ita ma sai bayan aure ta fara riƙe alƙalami, kamar da yawa cikinku. Ta ci gaba har ta koyi aikin malanta.

A 1848 su biyu suka buɗe lakwal ta ƴan mata a birnin Puna. Abin bai yi wa manyan gari daɗi ba. In ta fito za ta wurin aiki, sai a jefe ta da taɓo da kashin shanu. Me ta yi? Ta riƙa tafiya da zane biyu. In ta isa, ta canza, ta shiga aji. Da matsi ya yi yawa, uban mijinta ya sa suka bar gidansa. Ba su daina ba. Suka ƙara buɗe wasu lakwal, har da ta ɗiyan Mahar da Mang, da karatun dare na manya masu aikin ƙarfi.

Cikin wannan aiki Sabitiri ta ga wani ciwo wanda ba a gani da ido, ciwon damuwa. A gidajen manyan asali, in mijin yarinya ya mutu, ba ta sake aure har abada. A aske mata kai, a ce ƙafarta ba ta da kyau, a bar ta a ƙuryar ɗaki. In wani namiji ya ci amanarta ta yi ciki, laifin nata ne ita kaɗai. Baƙin ciki ya sa wasu sun kashe kansu, wasu sun yar da jinjiri. A 1863 Sabitiri da mijinta suka buɗe gidansu ga irin waɗannan mata. Mace ta zo a asirce, ta haihu, a rufa mata asiri. Guda cikinsu, Kashibai, ta haifi ɗa namiji. Da yake Sabitiri ba ta samu haihuwa ba, suka ɗauke shi ya zama ɗansu. Sunansa Yashawan, kuma da ya girma ya yi karatun likita. A 1868 kuma suka bar mutanen da ba a taɓawa su ɗebi ruwa a gidansu.

Jotirawo ya rasu a 1890. Bayan shekara 6, annoba ta shigo birnin Bambai, daga nan ta iso Puna. Ciwon ɓeraye ne. Ƙuma ta ciji ɓera maras lafiya, ta zo ta ciji mutum. Sai zazzaɓi mai zafi, kaluluwa ta kumbura a hammata ko gindin cinya, cikin ƴan kwanaki mutum ya cika. Annobar ta yi shekaru tana yawo a duniya. A Indiya kaɗai ta kashe fiye da mutum miliyan 10.

Turawan Ingila ke mulkin ƙasar a lokacin. Sojojinsu suka riƙa shiga gida-gida, suna fitar da marasa lafiya da ƙarfi. Tsoro ya cika gari. Masu hali suka gudu. Yanzu ku sa kanku a wurin matar Mahar wadda ɗanta ke kwance. Ba kuɗi, ba wurin gudu. Tun ana lafiya ba a taɓa ta, balle yau. Wa za ta kai wa kukanta? Ciwo ba ya tambayar asali, amma masu taimako suna tambaya. Shi ya sa damuwarta ta fi ta kowa nauyi.

Sabitiri na da shekara 66. Ita da Yashawan suka buɗe gidan jinya a bayan gari, wanda ba a tambayar asalin kowa. Ta ji labarin wani yaro da ciwon ya kama a unguwar Mahar. Ta tafi da kanta, ta goya shi, ta kai shi gidan jinya. Nan ciwon ya kama ta. Ta rasu ran 10 ga Maris 1897.

Aikinta bai mutu ba. A 1950 tsarin mulkin Indiya ya haramta ƙin taɓa mutum saboda asali. A 2014 aka sa sunanta ga jami'ar Puna. Amma doka ba ta wanke zuciya rana guda. Da ciwon korona ya zo a 2020, aka rufe biranen Indiya, ƴan ci-rani miliyoyi suka koma ƙauyuka, wasu a ƙasa suka tako, hannu wofi. Nauyin ciyarwa da jinya ya sake faɗawa kan matan talakawa.

Mu ma mun ga annoba: sanƙarau na 1995, kwalara, da korona da ta sa aka rufe iyaka. Kun san wadda ke kwana zaune kusa da maras lafiya. In kun ga maƙwabciya ta bar cin abinci, ba ta barci, kuka ba dalili, kar ku ce raki ne. Damuwa ciwo ce, kuma ana maganinta. Ku zauna kusa da ita, ku saurare ta, ku raka ta gidan likita. Kar ku tsaya tambayar ɗiyar wa ce.

Tambayoyi
1. Wa ya koya wa Sabitiri karatu?
2. Don me take tafiya da zane biyu?
3. Yaya ciwon ɓeraye ke kama mutum?
4. A garinku, wace mace ce ba ta da wurin kai kukanta? Me ajinku zai iya yi mata?