RUDOLF DIZAL, MUTUMIN DA YA YAƘI ƁARNAR MAI

Duk wanda aikinsa ya haɗa shi da lissafin kuɗin mota, ko akawu ne mai riƙe da littafin mai na ofis, ko malami ne da ya taɓa ɗaukar hayar a-kori-kura don kwaso kayan makaranta, ya san wata magana da direbobi suka yi ittifaƙi a kanta. Watau in aka sami motoci biyu masu girma ɗaya, da kaya ɗaya, bisa hanya ɗaya, guda tana shan fetur, guda tana shan man dizal wanda mu ke ce wa gas, to, mai shan gas ɗin ita za ta fi yin nisa da galan guda. Masana injuna sun auna, sun iske bambancin ya kan kai kashi 20 zuwa 35 cikin 100. Wannan rara da ta ke komawa aljihun mai mota gadon wani mutum ne da ya ƙare ransa yana faɗa da ɓarnar makamashi. Sunansa Rudolf Diesel, a bakinmu Dizal, shi ne kuwa mu ke so mu ba masu karatu tarihinsa a yau.

An haifi Dizal a birnin Faris ran 18 ga Maris, 1858. Iyayensa Jamusawa ne daga ƙasar Bavariya, neman abinci ya kai su Faransa. Ubansa Theodor baduku ne, yana ɗinkin littattafai da jakunkuna da sauran ƙananan kayan fata, abin da ya ke samu kuwa bai wuce na sakawa a baki ba. Cikin 1870 yaƙi ya tashi tsakanin Faransa da Jamusawa, aka kori Jamusawan da ke zaune a Faris, iyayen Dizal suka gudu Landan. Da zama ya yi musu tsanani sai suka aika da yaron, yana ɗan shekara 12, zuwa garin Augsburg, mahaifar ubansa, wurin wani danginsu malamin lissafi mai suna Christoph Barnickel. Nan ya shiga makaranta, ya yi ta zuwa na ɗaya. Yana da shekara 14 ya rubuta wa iyayensa cewa shi injiniya ya ke so ya zama. Cikin 1875 aka ba shi taimakon karatu zuwa babbar makarantar fasaha ta Munik.

A wannan makaranta ne ya ji darasin da ya juya rayuwarsa duka, abin da ya kamata malamai su lura da shi. Malaminsa Carl von Linde, wanda ya shahara wajen ƙera injin ƙanƙara, ya bayyana wa ɗalibai cewa injin tururi, wanda a zamanin nan shi ke jan jiragen ƙasa da juya masana'antu, ba ya mai da fiye da kashi 6 zuwa 10 cikin 100 na zafin kwal ya zama aiki. In mutum ya zuba buhu goma na kwal a wuta, buhu ɗaya ne ke juya ƙafa, tara sun bi hayaƙi da iska. Linde ya kuma karantar da su bayanin wani Bafaranshe, Sadi Carnot, wanda ya nuna tun 1824 cewa gwargwadon tsananin zafin da inji ya fara aiki da shi, gwargwadon yawan aikin da za a iya tatsa daga makamashinsa. Tun daga ran nan Dizal ya ƙudura a ransa sai ya ƙera injin da zai rage wannan asara.

Zazzaɓin taifot ya hana shi jarrabawa tare da 'yan ajinsu cikin 1879. Da ya warke ya yi 'yan watanni yana koyon aikin hannu a masana'antar Sulzer a ƙasar Suwizalan, sa'an nan ya gama karatu a watan Janairu, 1880, da sakamako mafi daraja. Linde ya ɗauke shi aiki a kamfanin ƙanƙararsa na Faris, bayan shekara guda ya zama manaja. Cikin 1883 ya auri Martha Flasche, suka haifi 'ya'ya uku. Da rana yana sayar da ƙanƙara, da dare yana bin zafi. Ya gwada wani inji mai aiki da tururin amoniya, injin ya fashe, saura kaɗan ya halaka shi, ya yi watanni a asibiti.

Dabarar da ya tsaya a kanta daga bisani mai sauƙin ganewa ce. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san famfo ya kan yi zafi a hannu, domin iska in aka matse ta sai ta ɗau zafi. Dizal ya ga cewa in fistan ya matse iska zalla cikin silinda matsa mai tsanani, zafinta zai wuce digiri 500, sa'an nan in aka fesa mata mai, zai kama da kansa ba tare da fulogi ba. Injin fetur ba ya jure irin wannan matsa, domin shi iska da fetur ya ke zuƙa a gauraye, in matsar ta yi yawa sai su kama tun lokaci bai yi ba. Gwamnatin Jamus ta ba shi takardar mallakar wannan dabara ran 23 ga Fabrairu, 1893, a shekarar kuma ya buga littafi yana bayyana ta. Masana'antar injuna ta Augsburg, wadda daga baya ta zama MAN, da kamfanin Krupp suka yarda su ɗauki nauyin gwaji.

Amma faɗa da baki daban, aikatawa daban. Ran 10 ga Agusta, 1893, aka fesa wa injin farko mai, ya kama da ƙarfin da ya tarwatsa ma'aunin da ke jikinsa. Wannan ya tabbatar da man na kamawa da kansa, amma injin bai juya ba. Sai ran 17 ga Fabrairu, 1894, ya yi gudun minti guda da ƙarfin kansa. Cikin waɗannan shekaru Dizal ya gane cewa waɗansu abubuwan da ya rubuta a littafinsa ƙarfe ba zai iya ɗaukarsu ba, ya rage yawan matsar da ya ƙiyasta, ya sake hanyar ƙonewar man. Yana fama da ciwon kai mai tsanani, amma bai bari ba. Ran 17 ga Fabrairu, 1897, Farfesa Moritz Schröter ya auna injinsa na uku a hukumance. Injin mai silinda ɗaya ne, yana shan kananzir, ƙarfinsa wajen doki 18, nauyinsa ya fi tan 4. Aka iske yana mai da kashi 26 cikin 100 na zafin mansa ya zama aiki, watau ya ninka injin tururi na zamanin fiye da sau biyu.

Nan da nan labari ya game duniya, attajirai suka yi ta zuwa sayen izinin ƙera injin a ƙasashensu. Wani Ba'amurke, Adolphus Busch, ya biya mak miliyan ɗaya na kuɗin Jamus don ya sami izinin Amurka. Ɗan baduku ya zama mai dukiya, ya gina ƙaton gida a Munik. Sai dai an yi gaggawar kai injin kasuwa tun bai gama nuna ba, waɗansu da aka sayar suka lalace a hannun masu su, aka komo da su. Waɗansu masana kuma suka taso masa, suna cewa injin da ya ƙera ba shi ne wanda ya rubuta a takardarsa ba, Ingilishi kuwa suna tuna wa mutane cewa Herbert Akroyd Stuart ya riga ya yi wani injin mai tun 1890. Wahala da gardama suka kwantar da shi cikin 1898, har sai da aka kai shi gidan jiyya.

Akwai wani abu cikin tarihinsa da ya shafi manomin gyaɗa. A babban bajekolin duniya da aka yi a Faris cikin 1900, inda injin ya ci babbar lamba, an tayar da wani ƙaramin injin dizal da man gyaɗa zalla, ya yi aiki lafiya har galibin 'yan kallo ba su lura da bambanci ba. Gwamnatin Faransa ce ta nemi a yi gwajin, domin gyaɗa na yi ƙwarai a ƙasashen Afirka da ta ke mulki a sa'an nan. Cikin 1912, shekarar da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗar Kano zuwa bakin teku, Dizal ya yi ta faɗa cikin laccocinsa cewa wata rana man tsirrai zai yi muhimmanci ga injuna. Burinsa tun farko shi ne ƙaramin mai sana'a, irin ubansa, ya sami inji mai arahar ci da zai yi gasa da manyan masana'antu. Har littafi ya rubuta cikin 1903 kan yadda ma'aikata za su haɗa ƙarfi su mallaki sana'o'insu, amma ba a saye shi ba sai kaɗan.

Ya ga injinsa ya shiga ruwa, domin cikin 1912 aka gama Selandia a Kwafanhagan, babban jirgin teku mai tafiya da dizal. Amma abin tausayi, mutumin da ya hana injin duniya ɓarna bai iya tsare dukiyar kansa ba. Ya zuba kuɗi a cinikin filaye da haƙar mai, suka nutse, bashi ya yi masa katutu, iyalinsa ba su sani ba. Ran 29 ga Satumba, 1913, ya shiga jirgin ruwa mai suna Dresden daga Antwerp za shi Ingila taron kamfani. Ya ci abincin dare da abokan tafiyarsa, ya yi musu sai da safe wajen ƙarfe 10. Da gari ya waye aka tarar ba a kwanta a gadonsa ba, hularsa da kwat ɗinsa suna ajiye a gefen jirgi. Bayan kwana goma waɗansu matuƙan jirgi na Holan suka tsinci gawa a teku, suka ɗebe 'yan kayan da ke jikinta, ɗansa Eugen ya shaida na ubansa ne. Ya bar wa matarsa jaka da mak 20,000 a ciki, da takardun banki masu nuna ba sauran kome. Galibin waɗanda suka rubuta tarihinsa sun tafi a kan cewa shi ya jefa kansa a ruwa, waɗansu sun yi zargin kashe shi aka yi, amma ba su kawo hujja ba. Shekarunsa 55.

Ya mutu bai ga injinsa na jan motocin kasuwa ba, domin a zamaninsa da iska mai ƙarfi a ke tura man cikin silinda, na'urar matsa iskar kuwa ta yi wa mota nauyi. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙarasa aikin. Cikin 1923 da 1924 kamfanonin Benz da Daimler da MAN suka fito da manyan motocin kaya masu dizal. Cikin 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera ƙaramin famfon fesa mai da yawa, cikin 1936 kuma Mercedes-Benz ta fito da motar shiga mai dizal. Daga nan injin ya gangaro zuwa ƙananan motocin ɗaukar kaya. Toyota Hilux, wadda aka fara yi cikin 1968, daga baya ta sami injin dizal, a Amurka kuwa kamfanin Dodge ya sa injin Cummins cikin a-kori-kurarsa a 1989.

Dalilan da suka sa irin waɗannan motoci ke tsimin mai guda uku ne, biyu daga cikinsu aikin Dizal ne. Na farko, injin fetur ya kan matse abin da ya zuƙa ninki 8 zuwa 12, na dizal kuwa ninki 14 zuwa 22, yawan matsa kuwa shi ke ƙara yawan aikin da a ke samu. Na biyu, injin fetur in a na so ya rage ƙarfi sai a shaƙe masa hanyar iska, yana ɓata ƙarfi wajen zuƙa, shi kuwa na dizal man kaɗai a ke rage masa, saboda haka ba ya ɓarna sa'ad da ya ke tafiya a hankali. Na uku, lita guda ta gas ta fi lita guda ta fetur ƙarfi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Ga shi kuma yana ba da ƙarfin ja tun bai yi saurin juyawa ba, abin da mota mai kaya ke bukata a kan tudu. Manyan injunan jiragen teku na yanzu sun wuce kashi 50 cikin 100, ninki biyu na abin da Schröter ya auna.

Wajibi ne kuma mu faɗi aibinsa. Hayaƙin dizal na ɗauke da baƙin ƙura da iska mai cutar huhu, cikin 2012 sashen binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sa shi cikin abubuwan da ke kawo ciwon. Cikin 2015 aka kama kamfanin Volkswagen yana ha'inci wajen gwajin hayaƙin motocinsa. Motar dizal ta fi tsada a saye, gyaranta ma ya fi tsada, saboda haka ribarta tana ga mai doguwar tafiya da kaya masu nauyi.

Abin da ya rage yana hannun direba da mai lura da shi. Gudun wuce kima na cinye tsimin, domin in gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu ta ke yi. Haka lodin da ya wuce ƙa'ida, da taya maras isasshiyar iska, da matatar iska da ƙura ta toshe, da barin inji na aiki mota na tsaye. Baƙin hayaƙi daga salansa kuwa mai ne da aka biya kuɗinsa ya fita bai ƙone ba. Akawun da ke rubuta yawan man da aka sha da nisan da aka yi kowace tafiya, ya raba wannan da wancan a ƙarshen wata, zai gane ɓarna tun ba ta yi nisa ba. Irin wannan lissafi ne ɗalibin Linde ya fara yi a Munik, shi ya sa har yau sunansa ke bakin kowane direba.