TUNA BAYA: Abubakar Imam, editan da ya shiga majalisa

An haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911. Ya shiga Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina a 1927, bayan kammalawa ya koyar a Makarantar Midil ta birnin. Yana wannan aiki ya rubuta Ruwan Bagaja domin gasar 1933, abin da ya sa Rupert East ya ɗauke shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce.

A Janairun 1939 aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya zama editanta na Hausa na farko. Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, amma ya buɗe shafukanta ga wasiƙun masu karatu. Ta nan koken talakawa game da En'e ya riƙa fitowa fili, a zamanin da ba a ɗaga wa hakimi murya.

A 1943 ya tafi Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma. A can Nnamdi Azikiwe ya gabatar da takardar neman mulkin kai, Imam ya ƙi sa hannu, domin yana ganin Arewa ba ta da isassun masu ilimin zamani da za su riƙe ragamarta. Wannan matsayi ya jawo masa suka. Sai dai a wannan tafiya ya gana da Lugga, ya kuma rubuta masa wasiƙu yana bayyana illolin tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda Luggan ne ya girka shi.

Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A zaɓen 1951 ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna, daga nan ya zarce Majalisar Wakilai a Legas. Bai daɗe a kujerar ba: a 1954 ya bar siyasa ya koma harkar wallafa littattafai, sannan ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata.

Har yau ana muhawara a kan zaɓinsa na gyara daga cikin gida, maimakon fito-na-fito irin na NEPU. Abin da ba a musu a kansa shi ne ya mai da Hausa harshen tattauna al'amuran mulki a rubuce. Ya rasu a Zariya a 1981.