F.W. Murnau, Bajamushen da kotu ta ba da umarnin lalata fim ɗinsa

A shekarar 1925 wata kotu a Jamus ta yanke hukuncin a lalata dukkan kwafen fim ɗin Nosferatu. Da an zartar da hukuncin sau da ƙafa, da duniya ta rasa ɗaya daga cikin fina-finan ban tsoro mafiya tasiri. Wanda ya ba da umarnin shirinsa shi ne Friedrich Wilhelm Murnau.

An haife shi a Bielefeld ranar 28 ga Disamba, 1888, da sunan Friedrich Wilhelm Plumpe. Ya karanci adabi da tarihin zane-zane a Heidelberg, sannan ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Max Reinhardt a Berlin. Sunan Murnau kuwa ya aro shi ne daga wani ƙaramin gari a yankin Bavaria. A Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aikin sojan ƙasa, daga baya ya koma rundunar sojan sama, kuma ƙarshen yaƙin ya riske shi a tsare a Switzerland.

Nosferatu, wanda aka fara nunawa a Berlin a watan Maris na 1922, labari ne na gawar da ke tashi daga akwatinta da dare domin shan jinin masu rai. Max Schreck ne ya fito a matsayin Count Orlok, mai sanƙo da dogayen farata da haƙora irin na ɓera. A lokacin da yawancin abokan sana'arsa ke gina gari da katako a cikin ɗakin ɗaukar fim, Murnau ya fita da kyamara zuwa garuruwan Wismar da Lübeck da kuma fadar Orava a ƙasar Slovakia ta yanzu. Tsofaffin gidaje na gaskiya, teku, da duwatsu su suka ba fim ɗin sanyin da ke ratsa mai kallo. Tsoron yana zuwa ne a hankali: inuwar Orlok tana hawa matakala, jirgin ruwan da ma'aikatansa suka mutu yana shiga tasha, ɓeraye suna baza annoba a gari. A ƙarshe hasken alfijir ne ya halaka shi, dabarar da fina-finai da yawa suka kwaikwaya daga baya.

Matsalar ita ce kamfanin Prana Film ya ɗauko labarin daga littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, ba tare da izini ba. Matar marubucin, Florence, ta kai ƙara kuma ta yi nasara, kamfanin kuwa ya durƙushe. Sai dai wasu kwafe sun riga sun tsallaka ƙasashen waje, ta haka fim ɗin ya tsira.

Murnau ya ci gaba da aiki. A 1924 ya yi Der letzte Mann, inda kyamara mai yawo ta ba da labari kusan ba tare da rubutu a allo ba, sai Faust a 1926. A shekarar ya tafi Amurka wajen kamfanin Fox, inda ya yi Sunrise, wanda ya samu kyauta a bikin Oscar na farko a 1929. Fim ɗinsa na ƙarshe, Tabu, an ɗauke shi ne a tsibiran Tahiti da Bora Bora.

Ya rasu ranar 11 ga Maris, 1931, a Santa Barbara sakamakon hatsarin mota, yana da shekara 42, mako guda kafin a fara nuna Tabu. An binne shi a Stahnsdorf kusa da Berlin. Werner Herzog ya sake shirya Nosferatu a 1979, haka ma Robert Eggers a 2024.