Pergolesi: Makaɗin Italiya da ya rasu da ƙuruciya, sunansa ya fi shi tsawon rai

An haifi Giovanni Battista Pergolesi ranar 4 ga Janairun 1710 a garin Jesi da ke tsakiyar Italiya, wanda a wancan zamani yake ƙarƙashin mulkin Fafaroma. Asalin sunan zuri'arsu Draghi, amma da yake kakanninsa daga garin Pergola suka fito, sai ake kiran gidan da sunan garin. Tun yana ƙarami bai cika lafiya ba, ga kuma larura a ƙafa da ta sa yake ɗingishi.

Da aka ga yana da baiwar kiɗa, sai aka tura shi birnin Napoli, cibiyar wannan sana'a a lokacin. Ya shiga makarantar Poveri di Gesù Cristo, ɗaya daga cikin makarantu huɗu na birnin da aka kafa domin marayu da 'ya'yan talakawa. A nan ya ƙware a gogen Turawa, ya kuma koyi tsara kiɗa a hannun malamai irin su Gaetano Greco da Francesco Durante. Ya kammala karatu a 1731.

A Napoli ta wancan zamani, mai tsara kiɗa yana cin abinci ne ta hanya biyu: coci da gidan wasan opera, wato wasan kwaikwayo da ake rera dukkan zantukansa da waƙa. Pergolesi ya riƙe duka biyun. Operarsa ta farko, La Salustia, ta fito a farkon 1732 ba tare da ta yi wani tashe ba. Cikin wannan shekara ya sake fitowa da wasan barkwanci mai suna Lo frate 'nnamorato, da karin harshen mutanen Napoli, kuma jama'a suka karɓe shi hannu bibbiyu. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa yankin a ƙarshen shekarar, yana cikin waɗanda aka ɗora wa tsara kiɗan addu'o'in neman tsari.

Abin da ya ɗaukaka shi ya zo ne a 1733. Al'adar lokacin ita ce a saka ɗan gajeren wasan raha a tsakanin sassan babbar opera domin 'yan kallo su sarara. Don haka ya tsara La serva padrona, wato baranyar da ta zama uwargida, a tsakiyar operarsa Il prigionier superbo. Labarin Serpina ne, 'yar aikin da ta yi wa tsohon maigidanta Uberto dabara har ya aure ta. Mawaƙa biyu ne kacal a wasan, sai wani bara da ba ya cewa uffan. Babbar operar ta shiga kundin mantuwa, ɗan abin da aka saka don cike gurbi shi ya zagaye Turai, domin ya sa talakawa suna waƙa da irin muryar da ake ji a gida da kasuwa, maimakon sarakuna da jaruman da aka saba.

Ya ci gaba da aiki ba hutu: Adriano in Siria a 1734, sai L'Olimpiade a birnin Rum da Il Flaminio a Napoli, duka a 1735. Amma tarin fuka ya riga ya ci ƙarfinsa. A farkon 1736 ya koma wani gidan zuhudu na mabiya ɗariƙar Faransiskan a Pozzuoli, kusa da Napoli. A wannan ƙarshen rayuwa ne ya kammala Stabat Mater, kiɗan da ya ɗora a kan wata tsohuwar waƙar Latin da ke bayyana baƙin cikin Maryamu a gindin gicciye, bisa aƙidar Kiristoci. Wata ƙungiyar addini ta manyan birnin ce ta nema, domin ya maye gurbin wanda Alessandro Scarlatti ya tsara. Muryoyi biyu ne da kayan tsirkiya, cikin sassa 12. Ya rasu a watan Maris na 1736 yana da shekara 26, aka binne shi a kabarin gama-gari a Pozzuoli.

Ɗaukakarsa ta gaske ta zo ne bayan ƙasa ta rufe masa ido. Johann Sebastian Bach na Jamus ya ɗauki Stabat Mater ya sake masa zubi da kalmomin Zabura ta 51. A 1752 wasu 'yan wasan Italiya suka nuna La serva padrona a Paris, abin da ya haddasa muhawara mai zafi ta kimanin shekara biyu tsakanin masu kare operar Faransa da masu fifita ta Italiya, cikinsu har da masanin falsafa Jean-Jacques Rousseau.

Sai dai wannan farin jini ya zo da tasa illar. Da masu buga takardun kiɗa suka gane sunan Pergolesi na sayar da kaya, sai suka riƙa liƙa shi a kan ayyukan wasu, har na jabu suka ninka na gaskiya nesa ba kusa ba. Ko Igor Stravinsky, da ya tsara Pulcinella a 1920 bisa abin da ya ɗauka na Pergolesi ne, daga baya aka gano cewa kaso mai yawa na Domenico Gallo ne da Unico Wilhelm van Wassenaer, wani basarake ɗan ƙasar Holan, da wasunsu.

Masana sun shafe shekaru suna tankaɗe da rairaya, kuma abin da ya rage a faifai ba shi da yawa, aikin kimanin shekara biyar ne kawai. Duk da haka, kusan ƙarni uku bayan rasuwarsa, ana rera Stabat Mater a coci-coci da zaurukan kiɗa duk shekara a makonnin da ke gabanin bikin Ista, ana kuma ci gaba da yi wa dabarar Serpina dariya.