Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da birnin kwaikwayo na Wembley

Tun kafin a ƙirƙiro tabarau na kwamfuta da ke sa mutum ya ji kamar yana cikin wani wuri da bai taɓa takawa ba, Turawan Ingila sun gina birnin Hausa na kwaikwayo a London, domin 'yan kallo su shiga su zagaya da ƙafafunsu.

Cikin waɗanda suka halarci bikin da aka gina birnin dominsa a shekarar 1924, har da Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Dikko.

Asalinsa

An haifi Muhammadu Dikko ne a shekarar 1865, a gidan Fulani Sulluɓawa. Mahaifinsa, Gidado, shi ne Durbin Katsina, kuma Dikko ya riƙe wannan sarauta a bayansa.

Ya tashi a lokacin da ganuwar Katsina ke da cikakken amfani. Ƙofofinta, irin su Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga, su ne mashigar fatake da mahaya, su ne kuma kariyar gari a zamanin da ake yawan gwabzawa da Katsinawan Maraɗi.

A shekarar 1903 Turawa suka shiga Katsina. Sun tuɓe Sarki Abubakar a 1904, sannan suka tuɓe Muhammadu Yero a 1906, suka ɗora Dikko a kan gadon sarauta.

Da wannan naɗi ne mulki ya bar gidan Dallazawa, waɗanda ke riƙe da shi tun zamanin jihadi, ya koma gidan Sulluɓawa. Ba kowa ne ya yi na'am da sauyin ba, don haka sai da sabon sarkin ya yi aiki tuƙuru kafin ya kafu.

A zamaninsa aka kafa baitulmali a Katsina, wanda ya zama abin koyi ga sauran masarautu. A zamaninsa ne kuma Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu.

A 1921 ya tafi aikin hajji ta hanyar Ingila, inda ya gana da Sarki George na Biyar. Shi ne sarkin Arewa na farko da ya sauke farali yana kan karaga a zamanin mulkin Turawa.

Birnin da aka gina don kallo

A ranar 23 ga watan Afrilun 1924 aka buɗe bikin baje kolin Daular Birtaniya a unguwar Wembley. An sake buɗe shi a 1925, kuma mutane kimanin miliyan 27 ne suka ziyarce shi a shekarun biyu.

An keɓe wa Najeriya da Saliyo da ƙasar da a yau ake kira Ghana sashe guda. An kewaye shi da katanga mai launin jar ƙasa, da ƙofofi irin na biranen Arewa kamar Kano.

A ciki aka zaunar da masu sana'a da aka kawo daga Afirka ta Yamma, masaƙa da dukawa da sauransu, suna aikinsu a gaban jama'a, kuma a nan suke kwana.

Dabarar ita ce a kawar da tazarar da ke tsakanin mai kallo da abin kallo. Babu dandamali, babu kujeru. Baƙo yana ƙetare ƙofa sai ya ga katanga ta rufe masa London, ya ji ƙarar masaƙa, ya tsaya dab da mai aiki.

Wannan ita ce manufar da masu wasan kwaikwayo na zamani ke bi idan suka saka 'yan kallo a tsakiyar wasa, ita ce kuma ta masu fasahar tabarau na kwamfuta.

Sai dai birnin na Wembley labarin masu mulki yake bayarwa. An shirya shi ne don a nuna albarkatun ƙasashen da aka mallake, kuma mutanen da ke cikinsa sun zama wani ɓangare na kayan kallo.

Ɗaliban Afirka da ke karatu a London sun nuna ɓacin ransu game da yadda wasu jaridu suka riƙa yi wa waɗannan mutane ba'a. Ɗaya daga cikinsu, Ladipo Solanke, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925.

Shi ma Dikko bai tsira daga idon 'yan kallo ba, domin jaridu da masu ɗaukar hoto sun riƙa bin sa a tafiye-tafiyensa na Ingila. Amma shi kansa kallo ya je yi. Masanin tarihi Moses Ochonu ya nuna a littafinsa na 2022 cewa sarakunan Arewa da suka je Birtaniya sun nazarci Turawan, suka kuma yi amfani da ziyarar wajen ƙara wa kansu kwarjini a gida.

Ƙarshen rayuwarsa

Dikko mutum ne mai son dawaki. A zamaninsa wasan folo ya kafu a Katsina, kuma ɗansa Usman Nagogo ya yi fice a wasan.

Allah ya yi masa rasuwa a 1944, bayan kimanin shekara 37 yana mulki. Nagogo ya gaje shi har zuwa 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har zuwa 2008, sannan Abdulmumini Kabir Usman.

Malam Bello Kagara ya rubuta tarihinsa da Hausa, kuma babban filin wasan ƙwallon ƙafa na Katsina yana ɗauke da sunansa.

An rushe birnin kwaikwayon na Wembley bayan kammala bikin. A Katsina ma gine-gine sun cinye akasarin ganuwar, amma har yanzu Ƙofar Marusa da sauran ƙofofin su ne sunayen da ake kwatance da su a garin.