Joshua Slocum

Joshua Slocum (20 ga Fabrairu 1844 – Nuwamba 1909) matuƙin jirgin ruwa ne, maƙerin jirage kuma marubuci, haifaffen Kanada wanda daga baya ya zama ɗan ƙasar Amurka. Shi ne mutum na farko da ya kewaya duniya shi kaɗai a jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsakanin 1895 da 1898. An kuma san shi da ƙaramin jirgin da shi da matarsa da 'ya'yansa suka ƙera da hannunsu a Brazil, suka koma gida Amurka a cikinsa.

Farkon rayuwa

An haifi Slocum a Mount Hanley da ke lardin Nova Scotia, shi ne na 5 cikin 'ya'ya 11. Yana ɗan shekara 8 iyayensa suka koma tsibirin Brier, inda mahaifinsa ke ɗinka wa masunta takalma. Sana'ar ba ta kwanta masa ba. Yana da shekara 14 ya gudu ya zama yaron dafa abinci a jirgin masunta. A 1860, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya bar gida baki ɗaya, ya shiga jirgin 'yan kasuwa mai zuwa Dublin. Ya yi ta samun ƙarin girma, ya zauna a San Francisco a 1865, sannan aka fara ba shi kyaftin a 1869.

Aure da zaman teku

A ranar 31 ga Janairu 1871 ya auri Virginia Walker a birnin Sydney na Ostireliya. Shekara 13 tana bin sa duk inda jirgi ya nufa. Sun haifi 'ya'ya 7, guda 4 ne suka rayu. Virginia ta rasu a 1884 a cikin jirginsu Aquidneck a gaɓar Buenos Aires. A 1886 ya auri 'yar uwarsa Henrietta Elliott, wadda ake kira Hettie.

Tafiyarsu ta farko ta zo da wahala. Cutar agana ta kashe wasu ma'aikatan jirgin, kuma a ƙarshen 1887 Aquidneck ya farfashe a kudancin Brazil. Ba shi da inshora, don haka dukiyar Slocum ta tafi tare da shi.

Ƙera Liberdade

Maimakon su nemi a mayar da su gida, iyalin suka yanke shawarar ƙera nasu jirgin. Slocum da 'ya'yansa suka yi aikin katako da 'yan kayan aikin da suka tsira da su, Hettie kuma ta ɗinka manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgin. Tsawonsa ƙafa 35 ne. Sun saka shi a ruwa ranar 13 ga Mayu 1888, ranar da aka soke bauta a Brazil, shi ya sa suka raɗa masa suna Liberdade, wato 'yanci da harshen Fotugal.

Mutum huɗu ne a ciki: Slocum, Hettie, da 'ya'yansa Victor da Garfield. Sun yi kwana 55 a kan ruwa, sun ci mil sama da 5,500 kafin su isa gaɓar South Carolina, daga nan suka wuce Washington. Wannan ce tafiya ta ƙarshe da iyalin suka yi tare, domin Hettie ba ta sake yin doguwar tafiyar teku ba. Slocum ya rubuta labarin a littafinsa na farko, Voyage of the Liberdade, a 1890.

Kewaya duniya

A lokacin jiragen tururi sun fara ƙwace kasuwa, irin su Slocum sun rasa aiki. A 1892 wani abokinsa, Kyaftin Eben Pierce, ya ba shi wani tsohon jirgi mai suna Spray da aka yasar a Fairhaven, jihar Massachusetts. Ya shafe wata 13 yana sake gina shi, ya kashe dala 553.62. Tsawon jirgin mita 11.2 ne.

Ya tashi daga Boston ranar 24 ga Afrilu 1895. Ya haye Tekun Atlantika zuwa Gibraltar da niyyar bi ta Bahar Rum, amma aka gargaɗe shi game da 'yan fashin teku, sai ya juya zuwa Brazil. Ya bi ta mashigin Magellan, inda yakan baza ƙananan ƙusoshi a saman jirgin da dare saboda masu hawowa. Daga nan ya ratsa Tekun Pasifik ta Samoa zuwa Ostireliya, ya haye Tekun Indiya zuwa Afirka ta Kudu. A can ya gana da shugaba Paul Kruger, wanda ya yi imani duniya a shimfiɗe take.

Ba shi da agogon auna wuri irin na matuƙa, sai wani agogon gwangwani mai araha, yana haɗawa da lissafin gudu da duban rana. Spray kuma yana iya riƙe hanyarsa na kwanaki ba tare da an taɓa matuƙi ba, abin da ya ba shi damar barci da karatu. Ya isa Newport, jihar Rhode Island, ranar 27 ga Yuni 1898, bayan tafiyar mil sama da 46,000. Dawowarsa ba ta ja hankali sosai ba, domin ana tsakiyar yaƙin Amurka da Sifaniya.

Ƙarshen rayuwa

Littafinsa Sailing Alone Around the World ya fito a 1900, ya samu karɓuwa, har yau ana buga shi. A 1902 ya sayi gona a West Tisbury da ke tsibirin Martha's Vineyard, amma zaman tudu bai karɓe shi ba. Ranar 14 ga Nuwamba 1909 ya tashi a Spray ya nufi kudu, ba a sake ganinsa ko jirgin ba. Duk da shekarun da ya yi a teku, Slocum bai iya iyo ba. A 1924 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya rasu.