Fada Tansi: Ya tafi koyo zuhudu, gawarsa ce ta dawo gida

An haifi Iwene Tansi a Aguleri a 1903, aka naɗa shi limamin Katolika a Onitsha a 1937. Shekara 13 ya yi yana zaga ƙauyukan ƙasar Ibo, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a keke. Shi ya yi wa Francis Arinze, wanda daga baya ya zama Kadinal, baftisma.

A 1950 ya ajiye wannan duka, ya shiga gidan masu zuhudu na Mount Saint Bernard a Ingila. Gidan na 'yan Trappist ne, reshen ƙungiyar Cistercian da aka kafa a Faransa a 1098, waɗanda rayuwarsu shiru ce da aikin hannu da ibadar tsakar dare. Mutumin da garuruwa ke saurare ya koma almajiri, cikin sanyin da bai saba ba. Burin shi ne ya koyo tsarin ya dasa a Najeriya.

Hakan bai yiwu ba. A 1963 aka karkatar da sabon gidan zuwa yankin Bamenda na Kamaru, rashin lafiya kuma ta hana shi bin ayarin. Ya rasu a Leicester ranar 20 ga Janairu, 1964. Sai 1986 aka dawo da gawarsa Onitsha, inda a kusa da nan, a Oba, Fafaroma John Paul na Biyu ya ayyana shi mai albarka a 1998.